Wilder Penfield (1891–1976): Likitan Fiɗar Ƙwaƙwalwa da Makarantarsa ta Montreal

Gabatarwa

A fagen likitanci akwai daɗaɗɗen giɓi tsakanin mutum biyu. Na farko shi ne mai bincike, wanda ke wuni a ɗakin gwaje-gwaje yana duban ƙwayoyin halitta ta madubin likita, har shekara ta kewayo bai ga majinyaci ba. Na biyu kuwa likita ne da ke tsaye a bakin gadon marar lafiya, kullum yana ganin abin da ke ɗaure masa kai, amma ba shi da lokaci ko kayan aikin da zai bi diddiginsa. Idan waɗannan biyu ba su haɗu ba, abin da aka gano a ɗakin bincike yakan daɗe a cikin takarda bai zama magani ba, tambayar da ta taso a asibiti kuma takan mutu ba amsa. Matsalar ta fi tsanani a nazarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, domin ba gaɓar da ta kai ƙwaƙwalwa wuyar isa da haɗarin taɓawa.

Wilder Penfield yana cikin waɗanda suka fara horar da ɗalibai da niyyar su iya aikin nan biyu, ko kuma su iya zama tare da mai yin ɗayan har su fahimci juna. Ya yi suna a duniya saboda taswirar ƙwaƙwalwar ɗan'adam da ya zana, sai dai makarantar da ya kafa da mutanen da ta yaye sun fi taswirar nisan zango.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Wilder Graves Penfield ranar 26 ga Janairu, 1891 a garin Spokane na jihar Washington, a ƙasar Amurka. Mahaifinsa likita ne, amma farauta da zaman daji sun fi aikin asibiti ɗaukar masa hankali, har sana'ar ta durƙushe. A 1899 mahaifiyarsa ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta a garin Hudson na jihar Wisconsin. A can ya tashi a hannunta, ita ce kuma ta cusa masa burin zuwa karatu Ingila tun yana yaro. Ya yi digirin farko a Jami'ar Princeton, inda ya shahara a ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, ya gama a 1913. Daga baya ya sami tallafin karatu na Rhodes, ya tafi Jami'ar Oxford.

A Oxford ya haɗu da malamai biyu da suka tsara masa rayuwa. Charles Sherrington masanin aikin jijiyoyi ne wanda ke gwaje-gwajensa a kan dabbobi, shi ya koya masa natsuwa wajen gwaji da rubuta duk abin da ido ya gani. William Osler kuwa likitan gado ne, wanda ya ɗauki majinyaci a matsayin littafin farko na ɗalibi. A watan Maris na 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Penfield ya shiga jirgin ruwa mai suna Sussex zai tafi Faransa aikin sa-kai a asibitin sojoji. Jirgin ƙarƙashin teku na Jamusawa ya harbe su, ya sami mummunan karaya a ƙafa, aka yi jinyarsa a gidan Osler. Bayan ya warke ya auri Helen Kermott a 1917, ya kammala karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1918. Daga nan ya yi aikin sanin makama a wani asibiti na birnin Boston, inda ya riƙa kallon yadda Harvey Cushing, jagoran likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa na wancan zamani, yake aikinsa.

Yawon Neman Ilimi

A 1921 Penfield ya kama aikin fiɗa a birnin New York. Tambayar da ta hana shi sakat ita ce: me ya sa mutumin da ya taɓa samun rauni a ka yakan kamu da farfaɗiya bayan watanni ko shekaru? Ya yi zaton amsar tana cikin yadda raunin ƙwaƙwalwa ke warkewa ya bar tabo. Amma da ya ɗora yankan naman a ƙarƙashin madubi, sai ya tarar rinin da ake amfani da shi a Amurka ba ya fito da ƙwayoyin da yake son gani. Masu wannan fasaha suna ƙasar Sifaniya, wato almajiran Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906. Don haka a 1924 ya ɗauki iyalinsa ya tafi Madrid, ya zauna watanni a ɗakin binciken Pío del Río-Hortega yana koyon rina ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A wancan lokaci abin mamaki ne a ga likitan fiɗa ya ajiye wuƙa ya koma ɗalibta a gaban masanin ƙwayoyin halitta, a ƙasar da bai iya harshenta sosai ba.

Da ya dawo New York sai ya buɗe ƙaramin ɗakin bincike tare da wani matashin likita mai suna William Cone, wanda ya zama abokin aikinsa na fiye da shekara 30. A 1928 ya sake fita, wannan karon zuwa birnin Breslau na Jamus, wanda yau yake cikin ƙasar Poland, wajen Otfrid Foerster. Foerster yana yi wa tsofaffin sojojin da suka ji rauni a ka fiɗa, yana yanke tabon da ke jawo musu farfaɗiya, alhali suna farke. Penfield ya koyi dabarar, shi kuma ya riƙa duba tabon da aka cire da rinin da ya koyo a Madrid. Ta haka abin da ya tsinto a Ingila da Amurka da Sifaniya da Jamus ya haɗu a hannun mutum ɗaya. Tun a lokacin ya ƙudura cewa bai kamata kowane ɗalibi sai ya ƙetare teku sau da yawa kafin ya tara wannan ilimi ba. Ya kamata a sami gida guda da ya tattara shi.

Fiɗar 'Yar'uwarsa

A wannan shekara ta 1928 ya amsa gayyatar Jami'ar McGill da Asibitin Royal Victoria, ya koma birnin Montreal na ƙasar Kanada tare da Cone. Bai daɗe da sauka ba aka kawo masa yayarsa Ruth, wadda ta yi shekaru tana fama da ciwon kai da faɗuwa. Bincike ya nuna ƙari ne a sashen goshi na ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarta. Al'adar likitoci ba ta so mutum ya yi wa jininsa fiɗa, amma abokan aikinsa suka ga babu wanda ya fi shi cancanta a wurin. A watan Disamba ya yi mata aikin, ya cire kusan dukkan wannan sashe, sai dai ƙarin ya riga ya yi rassa zuwa inda wuƙa ba ta isa. Ya fito ne daga irin ƙwayoyin nan da ya je Madrid nazari a kansu.

Ruth ta tashi, ta koma cikin iyalinta, maganarta da tunaninta ba su taɓu ba. Amma akwai abin da ya ragu. Wata rana da ya kai mata ziyara ya lura cewa ta kasa tsara girkin baƙi kaɗan: kowane abu ta san yadda ake yin sa, amma jera ayyukan, wannan kafin wancan, ya gagare ta. Ya rubuta wannan a cikin wata maƙala ta ilimi a 1935, kuma tana cikin shaidun farko da suka nuna cewa sashen goshi yana da hannu wajen tsara aiki. Ƙarin ya dawo, Cushing ya sake yi mata fiɗa a Boston, ta rasu a 1931. Wannan rashi ya ƙara masa ƙaimi wajen neman kuɗin gina cibiyar da yake mafarki.

Cibiyar Montreal

Gidauniyar Rockefeller ba ta amsa buƙatarsa ta farko ba. Daga baya, da taimakon jami'inta Alan Gregg, ta ba da dala 1,232,000 a 1932. Gwamnatin lardin Quebec da hukumar birnin Montreal da wasu attajirai suka ɗauki nauyin ɓangaren jinya. An buɗe Cibiyar Nazarin Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi ta Montreal a watan Satumba na 1934, shekarar da Penfield ya zama ɗan ƙasar Kanada.

Tsarin ginin shi ne darasi na farko. Ɗakunan majinyata da ɗakunan fiɗa da ɗakunan gwaje-gwaje duk suna cikin bene ɗaya, ta yadda ɗalibin da ya ga an cire tabo da safe zai iya hawa sama ya yanka shi ya rina ya duba da kansa. Ɗakin fiɗa yana da wani dandamali a sama wanda aka kare da gilashi, inda ɗalibai da masu bincike ke zama suna kallo. Ana sa ran wanda ya zo koyon fiɗa ya yi wani lokaci a ɗakin bincike, wanda ya zo bincike kuma ya san majinyatan da ake magana a kansu. Penfield mutum ne mai tsanani da son a bi tsarinsa, kuma ba kowa ne ya ji daɗin zama ƙarƙashinsa ba. Amma ya san iyakar iliminsa, shi ya sa ya riƙa janyo masana fannonin da bai iya ba. Herbert Jasper ya zo a ƙarshen shekarun 1930 da na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. K. A. C. Elliott ya zo da ilimin sinadaran ƙwaƙwalwa, kuma a ɗakin bincikensa ne, a tsakiyar shekarun 1950, aka nuna cewa sinadarin GABA yana daƙile motsin jijiyoyi, lamarin da ke da muhimmanci wajen fahimtar farfaɗiya da magungunanta.

Ya kamata ɗalibi ya tuna cewa farfaɗiya cuta ce da al'ummomi da yawa, har da Hausawa, suka daɗe suna dangantawa da iskoki, ana kuma ƙyamar mai ita. Aikin Montreal ya nuna a zahiri cewa a wasu majinyata faɗuwar tana farawa ne daga wani ɗan wuri takamaimai a ƙwaƙwalwa, wanda za a iya ganowa, a wasu lokuta kuma a cire.

Yadda Aka Zana Taswira

Ƙwaƙwalwa ita ce ke karɓar saƙon zafi daga ko'ina a jiki, amma ita kanta ba ta jin zafi idan an taɓa ta. Wannan ne ya sa ake iya yi wa mutum allurar kashe zafi a fatar kai kawai, a buɗe ƙoƙon kan, yana farke yana magana. Penfield yakan ɗauki wani siririn tsinke mai ɗauke da lantarki kaɗan ya taɓa saman ƙwaƙwalwa wuri-wuri, yana tambayar majinyacin abin da ya ji. A nan babban yatsa ya motsa. A can leɓe ya yi tsami. A wani wurin kuma mutum ya ji irin alamar da yakan ji kafin faɗuwa ta zo masa, wato an kusa da tushen cutar. Duk inda aka taɓa sai a ɗora 'yar takarda mai lamba, a ɗauki hoto, sakatariya kuma tana rubuta abin da aka faɗa. Manufar farko ita ce kare majinyaci, kada a yanke wurin da zai bar shi da shanyewar jiki ko bebantaka. Amma da yake ana adana bayanin kowace fiɗa, sai bayanan ɗaruruwan mutane suka taru suka zama ilimi.

A 1937 shi da ɗalibinsa Edwin Boldrey suka fitar da taswirar sassan da ke kula da motsi da ji na gaɓoɓi. An zana ta a siffar wani ɗan mutum mai ban dariya, mai manyan hannuwa da leɓɓa da harshe, da ɗan ƙaramin gangar jiki, domin girman kowace gaɓa a zanen ya dace da faɗin wurin da ta ci a ƙwaƙwalwa. Hannu da baki, wato kayan sana'a da kayan magana, su suka kwashe kaso mafi tsoka.

Akwai kuma abin da ya fi jan hankalin jama'a. Idan aka taɓa sashen da ke daidai saman kunne, wasu majinyata sukan ce suna jin kiɗa, ko muryar wani da suka sani, ko suna ganin wani wuri na dā. Penfield ya ɗauka cewa ƙwaƙwalwa tana adana duk abin da ya wuce kamar faifai. A nan ya zarce abin da shaidarsa ta nuna. A rahotonsa na 1963, cikin majinyata 1,132 mutum 40 ne kawai suka ba da irin wannan labari, kuma masana na baya sun nuna cewa yawancinsu sun fi kama da mafarki ko haɗe-haɗen tunani. Ita ma taswirar ɗan mutumin an yi mata gyara: wani bincike da aka buga a 2023 ya gano cewa tsakanin wuraren ƙafa da hannu da baki akwai wasu gurabe da ke haɗa motsin jiki gaba ɗaya da niyyar aiki.

Ɗaliban da Cibiyar ta Yaye

Misalin da ya fi fito da amfanin tsarin Montreal shi ne na Brenda Milner. Ba likita ba ce. Ɗalibar ilimin halayyar ɗan'adam ce a ƙarƙashin Donald Hebb, wanda shi ma ya yi aiki da majinyatan Penfield a ƙarshen shekarun 1930. Ta shigo cibiyar a 1950, aikinta shi ne gwada tunani da fahimtar majinyata kafin fiɗa da bayanta. Cikin waɗanda aka cire wa sashen gefen hagu, mutum biyu suka farka da wata matsala da ba a zata ba: sun san kansu, sun san sana'arsu, amma duk abin da ya faru yanzu sai ya ɓace musu bayan 'yan mintoci. Maimakon a rufe zancen, Penfield da Milner suka kai shi gaban taron masana. Hasashensu shi ne cewa wani sashe mai suna hifokamfus na ɗaya ɓangaren ya riga ya lalace ba a sani ba, don haka da aka cire mai lafiyar sai mutum ya rasa duka biyun. Bayan shekaru, binciken gawar ɗaya daga cikinsu ya tabbatar da haka.

Wannan rahoto ne ya sa wani likita a Amurka, William Scoville, ya gayyaci Milner ta duba majinyacinsa da aka sani da haruffan H.M., wanda aka cire wa sashen a ɓangarorin biyu a 1953. Maƙalarsu ta 1957 ta kafa hujjar cewa hifokamfus yana da muhimmanci wajen adana sabon abu. Daga baya ta nuna cewa H.M. yana ƙwarewa a zanen da ake yi ta kallon madubi kwana bayan kwana, alhali bai tuna ya taɓa gwadawa ba, wato koyon hannu daban, tuna abin da ya faru daban. Ilimin ya koma asibiti nan take. Aka daina cire sashen a ɓangarori biyu, aka kuma shigo da gwajin tunani kafin fiɗa. A nan aka yi amfani da dabarar Juhn Wada, likita ɗan Japan da ya zo cibiyar, ta sa rabin ƙwaƙwalwa barci na ɗan lokaci da allura don a ga abin da ɗaya rabin zai iya shi kaɗai.

Wasu ɗaliban sun koma ƙasashensu da abin da suka koya. Jacob Chandy ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa na farko a Indiya, a garin Vellore, a 1949. Zhao Yicheng yana cikin waɗanda suka assasa fannin a ƙasar Sin. David Hubel, wanda ya fara horo a wajen Jasper, ya sami kyautar Nobel a 1981 saboda bincikensa kan yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa gani. Theodore Rasmussen da William Feindel kuma su suka gaji shugabancin cibiyar ɗaya bayan ɗaya.

Penfield da Nazarin Harshe

Ga ɗalibin harshe, babu abin da ya kai gwajin magana ban sha'awa. Ana nuna wa majinyaci hotuna yana faɗin sunayensu, sai a taɓa wani wuri a ɓangaren hagu, magana ta tsaya cak. An nuna wa wani hoton malam-buɗe-littafi ya kasa faɗin sunansa. Da aka ɗage tsinken sai ya bayyana cewa ya gane abin sarai, har ya nemi sunan wani ƙwaro mai kama da shi, shi ma ya ƙi zuwa. Ma'ana tana nan, kalma ce ta ɓace, wanda ke nuna cewa hanyoyinsu a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne. Ya tattara irin waɗannan bayanai tare da Lamar Roberts a littafinsu na 1959 kan magana da ƙwaƙwalwa, mai suna Speech and Brain Mechanisms.

A cikinsa ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar yaro ta fi ta babba laushi wajen ɗaukar harshe, domin yaron da ya sami rauni a ɓangaren magana yakan dawo da maganarsa, abin da ke yi wa babba wuya. Saboda haka ya ba da shawarar a fara koyar da harshe na biyu tun kafin yaro ya kai kimanin shekara 9 zuwa 10, ta hanyar amfani da shi kamar yadda uwa ke yi. 'Ya'yansa sun koyi Jamusanci da Faransanci ta wannan hanya. Eric Lenneberg ya faɗaɗa ra'ayin a 1967, kuma iyayen da suka fara shirin koyar da yara da Faransanci zalla a garin Saint-Lambert a 1965 sun nemi shawararsa. Binciken da ya biyo baya ya sassauta zancen: ƙuruciya ta fi tasiri a kan lafazi, amma babba ma yana iya ƙwarewa a nahawu da kalmomi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Haɗa jinya da bincike yana da tsada, kuma ba kowa ya biya daidai ba. Yayin da sunan Penfield ke yawo a duniya, Cone ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin majinyata dare da rana, shi ne kuma ya koya wa ɗalibai da yawa aikin hannu da tsabtar ɗakin fiɗa. Dangantakarsu ta yi sanyi a shekarun ƙarshe. A 1959 Cone ya kashe kansa a ofishinsa da ke cibiyar. Abin ya girgiza Penfield ƙwarai, kuma a 1960 ya sauka daga shugabanci.

Sauran shekarunsa ya ba da su ga rubutu da laccoci. Ya wallafa ƙagaggun labarai biyu, ɗaya a 1954, ɗaya kuma a 1960 a kan Hippocrates, likitan Girka na dā. Ya rubuta tarihin Alan Gregg, ya kuma shugabanci wata cibiya mai kula da al'amuran iyali a Kanada. A littafinsa na 1975 ya bayyana cewa bayan shekarun da ya yi yana taɓa ƙwaƙwalwa, tsinkensa ya motsa hannu, ya tsayar da magana, ya ta da tunani, amma bai taɓa sa mutum ya yanke shawara ko ya gaskata wani abu ba. Don haka ya karkata ga cewa hankali wani abu ne da aikin ƙwaƙwalwa kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Yawancin abokan aikinsa ba su bi shi a kan wannan ba.

Ya rasu a Montreal ranar 5 ga Afrilu, 1976, sakamakon ciwon daji, yana da shekara 85, makonni kaɗan bayan ya gama rubuta tarihin rayuwarsa. Littafin ya fito a 1977 da sunan No Man Alone, kuma labarin da ke cikinsa ya tsaya ne a kan buɗe cibiyar a 1934.